Hanyar da Firmin Ya Sake Buɗewa

Da bakinsa mijina Firmin ya gaya mini, ranar Lahadi da misalin ƙarfe goma na safe, yana shafa wa burodi man shanu hankalinsa kwance.

"Wani ɗan iska ya toshe hanyar Matakin Akuya da katako," in ji shi. "Har da ƙusoshi. Sai da na ɓata awa guda kafin na ɓalle shi. Kuma ya bi ya kankare mini alamomi kaf, ko ɗaya bai bari ba."

Na ce, "Yaushe?"

"Shekaranjiya mana, da kika tafi wajen likitan haƙori." Ya tsoma burodin cikin kofi. "Na gyara komai. Har wata hanyar banza da ya zana ta cikin makiyayar Lucien na soke ta."

Ɗan iskan da yake zagi ba kowa ba ne, shi ne da kansa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan wani ruwa da aka kwana huɗu ana yi, wani ɓangare na Matakin Akuya ya zame ya faɗa kwazazzabo. Firmin ne ya buga katakon nan, shi ya kankare alamomin da buroshin ƙarfe, shi ya fitar da sabuwar hanya ta makiyayar Lucien zuwa kangon gidan sarauta. Yanzu ga shi zaune a gabana yana taunar burodi, shekarun nan goma sha ɗaya sun ɓace masa kamar ba a yi su ba.

Shekara talatin da huɗu Firmin yana yi wa hanyoyin ƙauyenmu, Belcayrac, alama. Aikin sa kai ne, kowane ƙauye da nasa mai fenti. Layi ɗaya rawaya a jikin dutse ko itace, ci gaba da tafiya. Layi biyu a gicciye, ba nan ba. Baƙi su zo daga birni da sanduna da jakunkuna, su bi layin nan ya kai su tsohon gidan niƙa, ya hau da su Teburin Dutse inda mutanen farko suka binne nasu, ya kai su kango, ya sauko da su ta idon ruwa ya ajiye su a ƙofar coci. Mu da muke nan ba ma zuwa kallon waɗannan abubuwa, ni dai rabona da kango tun bikin 'yarmu. Amma Firmin ya san kowane dutse, kuma tun da ya ajiye aikin gini babu abin da ke tayar da shi da safe sai gwangwanin fentin nan.

Tun watan Afrilu na san kansa ya fara rikicewa. Na fara tsintar gwangwanin a cikin firij, kusa da cuku. Sai ya kira 'yarmu da sunan ƙanwarsa da ta rasu, bai ma lura ba. Rannan ya shafa layi a ƙofar maƙabarta, wai nan hanya ta bi. Na goge da tsumma da fetur kafin kowa ya gani, daga ranar kuma na ɗauki aiki: duk ranar da ya fita fenti, washegari na bi sawunsa da tsummana a aljihu, in ce wa mutane likita ya sa ni motsa gwiwa. Ban gaya wa 'yarmu ba. Ban kai shi asibiti ba. Shi kansa ban gaya masa ba.

Kada a tambaye ni dalili kamar ba a san ƙauye ba. Mu ɗari da casa'in ne a Belcayrac. Da zarar an ce kan wane ya taɓu, shi ke nan, sai a riƙa yi masa magana da ƙarfi, a hankali, ana murmushi, a riƙa tambayar matarsa ko yana shan sukari alhali ga shi zaune. Na ga an yi wa wasu, ban yarda a yi wa nawa ba. Ga ƙanena Régis, magajin garinmu, mutumin da takarda ke hana shi barci. Ranar da ya ji, ranar zai zo ya karɓe buroshin da hannunsa, yana ba da haƙuri.

Wannan karon ne kaɗai ban bi sawu ba. Na dawo daga likita da kumburarren kunci, ban ma san ya fita ba.

Kuma Lahadin nan ita ce ta watan Satumba da ake buɗe tsofaffin gine-gine. Da idona na ga baƙin a dandalin coci ƙarfe tara da kwata, da na je sayen burodi. Su goma sha bakwai, ƙungiyar masu yawon ƙafa daga birni, yawancinsu furfura. Shugabarsu, Madam Vialatte, doguwa mai usur a wuya, har ta tare ni ta ce in gaishe da maigidana. "In dai Belcayrac ne ba ma ɗaukar taswira," in ji ta. "Layin Firmin ko makaho ya bi shi." Na yi dariya, na ji daɗi har cikin raina.

Na dubi agogo. Za su tsaya gidan niƙa a ƙalla rabin awa, masu furfura ba sa wuce injin ruwa ba su ɗauki hoto ba. Hawan tudu kuma zai ci su. Ba za su kai Teburin Dutse ba, inda hanya ta rabu biyu, sai sha ɗaya. Ina da awa guda.

Wayata na kan tebur, kusa da kwanon sukari. Régis yana da lambar Madam Vialatte, don shi zai tarye su a kango da rana tsaka ya buɗe musu hasumiya ya yi musu jawabi. Kira ɗaya ne, minti ɗaya. Amma zai ce me ya sa, kuma Régis ba ya barin "me ya sa" sai ya ga ƙarshensa. Na sa wayar a aljihun rigar girki, na ɗauki makullin mota. Na gaya wa kaina zan riga su zuwa, in tsaya a mararraba kamar mai shan iska, in nuna musu hagu, da yamma in dawo da tsumma. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani.

"Tashi, tsoho," na ce. "Za mu Teburin Dutse."

"Yau ke ce da hawan tudu? Da wannan gwiwar taki mai kuka kamar ƙofar rumbu?"

"Gwiwata ta fi bakinka hankali. Sa takalmi."

Ba don ina so na tafi da shi ba. Ban iya barinsa shi kaɗai da murhun gas.

Mun wuce gada kenan, a kwanar da ke hawa tudu, sai ga tumakin Lucien sun cika titi daga katanga zuwa katanga. Ɗari uku ne, kuma ko ɗaya ba ta san sauri ba. Na danna ham. Suka dube ni, suka ci gaba da abin da suke yi. Lucien ya taho yana jan ƙafa, karensa na biye, ya jingina da tagar mota kamar mai shirin kwana.

"A'a, Arlette! Ina wuta ta kama?"

"Kau da dabbobin nan, Lucien, don Allah."

"Yau Lahadi, su ma hutu suke." Ya leƙa ya dubi Firmin. "Mai fenti, kana lafiya? Baƙinka sun wuce tun ɗazu, sai ka ce ana kora su. Wallahi akwai wata tsohuwa a ciki da ta fi karena gudu."

Na ce, "Suna gidan niƙa ai."

"Ina! A kulle suka same shi. Mai makullin ta tafi coci da shi a jaka, kin san halinta. Suka leƙa ta taga suka kama tudu."

Rabin awar da na dogara da ita babu ita. Na sa hannu a aljihu na taɓa wayar, na ji sanyinta a tafina, na sake ta. Lucien na tsaye, kunnensa a tagar, kuma abin da Lucien ya ji da safe ƙauye ya ji kafin rana ta take. Na ce a raina bari mu wuce tumakin tukuna. Da muka wuce su na ce bari mu kai ƙarshen kwalta. Haka na yi ta yi wa kaina ciniki, ina tuƙi.

Daga ƙarshen kwalta tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa. Firmin ya kama hanya kamar ɗan shekara arba'in, don jikinsa bai san abin da ya sami kansa ba. Ni kuwa kowane taki sai na ji kamar ana soka mini allura a gwiwa. Yana tafe yana nuna mini abubuwa, ga katangar da kakansa ya jera, ga inda ruwa ke ɓacewa cikin ƙasa ya fito a idon ruwa. Ban ji ko rabi ba. Kunnena na can gaba ina neman muryar mutane, ko ƙarar sanda a kan dutse, ko usur ɗin matar nan. Babu komai sai kukan fara a cikin ciyawa.

Sha ɗaya saura minti biyar muka fito fili. Ga Teburin Dutse, babban falalen nan a kan ƙafafunsa uku. Ba kowa. A gefensa ɓawon lemo ne, sabo, ko bushewa bai fara ba.

Na duba hagu. A jikin itacen da ke bakin sabuwar hanya ga layi biyu a gicciye, rawaya shar, suna sheƙi. Na duba dama. Katakon na jingine a gefe, an jera ƙusoshinsa a kan dutse ɗaya bayan ɗaya, yadda Firmin ke jera komai. Daga nan layi ne ke bin layi, masu kyau, miƙaƙƙu, suna gangarawa ƙarƙashin dutse. A ƙurar hanyar kuma ga ramukan sanduna, da yawa, duk sun nufi can.

Matakin Akuya siririyar hanya ce a jikin dutse, sama da kogi. Da farko tana da faɗi, har akwai bakin kogo inda makiyaya ke fakewa a zamanin da. Daga nan sai ta tsuke, mutum ɗaya bayan ɗaya, ta sha wata kwana mai kaifi. Bayan kwanar nan ne babu hanya. Mai zuwa ba ya ganin ramin sai ya juya, kuma wurin gangare ne, tsakuwa ce zalla. Daga mararraba zuwa kwanar minti ashirin ne. Ban san ko minti nawa suka ba mu ba, na dai san ko da gwiwa biyu lafiyayyu ba zan cim musu ba.

Na ce wa Firmin ya zauna a kan dutse ya huta. Na zagaya bayan Teburin, na yi nisa yadda ba zai ji ba, na ciro wayar. Sau biyu ina danna lambar da ba ita ba.

"Yaya, ina haddace jawabina, in kira ki an jima?"

"Régis, kira Madam Vialatte yanzu-yanzu. Ka ce su tsaya cak inda suke. Sun shiga Matakin Akuya."

"Matakin Akuya a rufe yake."

"A buɗe yake. Firmin ya cire katakon, ya yi wa hanyar fenti."

"Firmin? Shi da ya rufe ta? Yaya, kin sha wani abu ne da safen nan?"

"Kansa ne, Régis." Na rage murya. "Mantuwa ce. Ba irin tamu ba, ta gaske. Tun Afrilu."

Karo na farko kenan da maganar ta fita daga bakina, kuma da na ji ta a kunnena sai ta fi yadda take a ciki muni. Régis ya kashe. Na tsaya riƙe da wayar ina kallonta. Ba a yi minti biyu ba ta yi ƙara.

"Ba ta shiga. Babu sabis a ƙarƙashin dutsen nan, kin sani. Sau uku na gwada." Ina jin yana gudu, ina jin ƙarar ƙofar mota. "Na kira 'yan kwana-kwana, muna tafe. Yaushe kika sani?"

"Ƙarfe goma."

"Ƙarfe goma! Ƙarfe goma suna kan tudu, Yaya, waya na shiga! Me kike yi tun ƙarfe goma?"

Na kashe wayar. Na zagayo Teburin ina share ido da bakin riga, don kada Firmin ya ga na yi kuka. Dutsen da na zaunar da shi babu kowa a kai. Hularsa ma babu.

Na ƙwala masa kira, dutse ya maido mini da muryata. A ƙurar hanyar dama, a kan ramukan sanduna, ga sawun takalminsa, taki mai nisa irin na mai gudu. A lokacin abin da ya zo mini shi ne ya bi layinsa yana jin daɗi, zai je ya sha kwanar nan da tabbacin hanya na nan kamar yadda take a kansa. Na kashe mutum goma sha bakwai, na ƙara da mijina.

Ni mai tsoron tsayi ce, ko tsani ba na hawa. Na shiga Matakin Akuya kafaɗata na gogar dutse, idona a kan ƙafata. Ta gefen ido ina ganin kogin can ƙasa, siriri kamar zare. Kowane 'yan taku sai ga layin rawaya daidai fuskata, mai kyau, yana ce mini ci gaba. Na yi addu'o'in da na manta tun ina yarinya, na haɗa wannan da waccan, na yi wa Allah alkawuran da ban san yadda zan cika ba.

Sai na ji fito. Fiton Firmin ne, na yatsu biyu a baki, wanda yake kiran leburori da shi daga saman gini. Akwai wuri ɗaya a hanyar nan, kafin kogo, inda dutsen ya lanƙwashe, in ka tsaya kana hango kwanar a ɗaya ɓangaren. Shi kaɗai zai san haka.

"Ku tsaya! Kar wanda ya ƙara taku! Babu hanya a gaba!"

Muryarsa ce ta da, ta mai gini. Ban gama jin sanyi a raina ba sai ihun mace ya biyo baya, sai ƙarar tsakuwa na zuba, tana zuba, ta daɗe tana zuba kafin ta yi shiru. Sauran hanyar zuwa bakin kogo da rarrafe na yi ta, ni Arlette, da shekara sittin da tara, da rigar girki.

A bakin kogon na zauna, don daga nan ba ni da ƙarfin halin wucewa. Ina jin muryar Firmin daga gaba, a natse, ba ya gaggawa. "Fuska ga dutse, Madam. Bar sandar, ta faɗi, ba ta da 'ya'ya. Ƙafar hagu tukuna. Yauwa. Na baya ya fara tafiya." Suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, fuskokinsu fari fat, wasu na kuka, wani dattijo na ta dariyar da ba ta daɗi ba. Ina ƙirga su da yatsu a kan cinyata. Tara. Goma sha biyu. Goma sha biyar. Daga goma sha biyar sai abin ya tsaya.

Na kama hannun wata na ce, "Saura biyu. Ina biyun?"

"Émile ne," in ji ta, haƙoranta na haɗuwa. "Shi ke gaba. Ya riga ya sha kwanar da aka yi fiton, ya juya, ƙafarsa ta zame. Madam Vialatte na riƙe da igiyar jakarsa."

Can sai ga Madam Vialatte ita ma ta fito, tafin hannunta duk jini. Ta ce Firmin ya karɓe ta, ya ɗaure mutumin da bel ɗinsa a jikin wata saiwa, ya kwanta rubda ciki yana riƙe da shi. Mutumin na zaune a bakin ramin, ƙafa ɗaya a iska, hannu ya karye.

Minti arba'in 'yan kwana-kwana suka yi kafin su iso da igiyoyinsu, Régis na bayansu da takalmin zuwa biki. Ban taɓa sanin minti arba'in na da tsawo haka ba. Duk tsakuwar da ta motsa sai zuciyata ta tsinke. Abin da na fi tsoro ban iya gaya wa kowa ba: kada a tsakiyar riƙon nan abin ya zo masa, ya dubi hannunsa ya rasa dalilin da ya sa yake riƙe da baƙo, ya saki. Régis ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Sun fito da Émile a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, yana numfashi, har yana tambayar ina tabaransa. Firmin na biye, gwiwar wandonsa a yage, yana riƙe da ƙugun wandon da hannu ɗaya.

A Teburin Dutse aka taru. Matan nan suka yi ta rungumar Firmin, suna sumbatar kumatunsa, wani ya zuba masa kofi daga gorarsa. Yana ta noƙewa yana cewa ba komai. Na matsa kusa da shi na kama hannun rigarsa, niyyata in ja shi mu sulale kafin hankalin kowa ya dawo. Amma na Madam Vialatte ya riga ya dawo. Ana naɗe mata hannu, ta nuna layin farko da haɓa.

"Ranka ya daɗe magajin gari, ina son sunan wanda ya yi wannan. Fentin ko bushewa bai gama yi ba."

Régis ya dubi takalminsa.

"Ni ma ina son sunansa," in ji Firmin. Ya fizge hannunsa daga nawa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni na rufe hanyar nan da hannuna, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina zaune a nan na ga sawun sanduna sun shiga, na ce wane mahaukaci ne ya buɗe wa mutane kabari? Dubi, har ya soke mini tawa hanyar! Régis, wannan ba wasan yara ba ne, wanda ya san aiki ne. Bari in gani. Mu masu fenti mun san hannun juna."

"Firmin, zo mu tafi gida," na ce. "Ka gaji. Gobe a duba."

"Sake ni, mace."

Ya ciro tabarau daga aljihu, ya durƙusa a gaban layin. Ya kai fuskarsa kusa, ya bi layin da yatsa. Firmin bahago ne, daga dama yake jan buroshi zuwa hagu, fentin ya taru ya yi kauri a ƙarshen hagu. Duk yankinmu babu wani mai fenti bahago. Ya tashi ya je layi na biyu, ya durƙusa. Ya je na uku. Ya dawo ya tsaya a kan ƙusoshin da aka jera a dutse, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juya hannunsa na hagu ya dubi faratansa, ga rawaya a ƙarƙashinsu.

Da ya ɗago, ba Régis ya duba ba, ba baƙin ba. Ni ya duba.

"Arlette. Tun yaushe?"

Na so in ce ban gane ba. Na so in ce ni ce na yi, ko da kowa ya san ban iya jan miƙaƙƙen layi ba. Amma idonsa a lokacin sarai yake, duk shi ne a ciki, kuma shekara arba'in da shida ban taɓa iya yi wa idon nan ƙarya ba.

"Tun Afrilu."

Ya ƙirga da yatsu, leɓensa na motsi. "Wata shida."

"Ina bin bayanka ina gyarawa. Kullum. Wannan karon ne kawai..."

"Wata shida kin sani, kika bar ni da buroshi."

"Ban so a karɓe maka ba. Ban so su riƙa yi maka kallon..."

"Mutane ido rufe suke bin layina, Arlette." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Da kin gaya mini, da ni da kaina na kai wa Régis gwangwanin. Da ni na ajiye, ba karɓewa aka yi ba. Wannan kaɗai ya rage mini in yi da hankalina, kika hana ni."

Ya cire hularsa, ya taka zuwa gaban Madam Vialatte, wandonsa a hannu ɗaya, hula a ɗaya.

"Madam, sunan da kike nema Firmin ne. Ki rubuta, don ni ba lalle in riƙe ba."

Ya juya wajen ƙanena ya ce a mayar da katakon yau, kafin rana ta faɗi, a kankare layukan duka, kuma kada a bari shi ya taɓa. Sannan ya tambaye shi ko akwai wuri a motarsa. Régis ya ce akwai, har da na Yaya. Firmin ya ce Yaya ta zo da tata.

Ni kaɗai na gangara tudun.